Taswira ta Biyu

A ofishin lafiya na garin, idan ka bi baranda har ƙarshe, ka wuce ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru, za ka tarar da wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Nan Mai Taswira yake zama. Sunansa na ainihi yana rubuce a katin aikinsa, amma ko masinja ba ya kiransa da shi. Mutum ne siriri mai furfura a gefen kai, ƙafar tabaraunsa ɗaya ɗaure da zare. Aikinsa shi ne ya karɓi alƙaluman da ƙananan asibitoci ke aikowa, na zazzaɓi, na haihuwa, na mutuwa, ya mayar da su zane wanda babban mutum zai kalla ya gane kafin ya gama buɗe robar ruwan da ke gabansa.

"Manya ba sa karatu," in ji shi, "kallo suke yi. In ka ba su abu biyu, sai su tafi da wanda ba shi ba."

Mai zanen gine-gine ya so ya zama. Yana dab da gama makaranta iyayensu suka rasu, ɗaya na bin ɗaya, suka bar masa ƙanwa wadda ko famfara ba ta fara ba. Ya ajiye karatu ya nemi aiki. Shi ya riƙa yi mata wanka, shi ya koyi yi mata kitso, kitson da kullum yake fitowa a karkace har 'yan ajinsu suna yi mata dariya. Mutumin da ke jan layi ba rula ya miƙe sambal, tsagar kan yarinya ta gagare shi. Auta yake ce mata, sunan kuwa ya bi ta har ta girma, ta auri wani bakanike da ta zaɓa da kanta, ta haifi 'ya'yanta.

Da tawada da rula ya fara aiki. Da kwamfuta ta zo, ya koye ta da yatsu biyu kamar kaza na tsintar hatsi, amma ƙa'idojinsa bai canza su ba. Sandar zane dole ta taso daga sifili. Wanda ya yanke mata ƙafa don bambanci ya yi girma a ido, a wurinsa ɓarawo ne ko da bai taɓa satar allura ba. Launi kada ya wuce abin da ido zai riƙe. Ja na haɗari ne, ba na kwalliya ba. Ba a gwada yawan marasa lafiya na wuri da wuri sai an duba yawan mutanen da ke zaune a kowanne, domin goma a cikin ɗari ba goma a cikin dubu ba ce. Gaba da duka, zane ɗaya magana ɗaya. Duk abin da bai taimaki maganar ba, ko ya kai zinariya kyau, a cire. Duk wanda ya fito daga makaranta da takardar wannan fanni a hannu, waɗannan aka koya masa, kuma babu ta ƙarya a cikinsu. Wannan shi ne abin da ya fi ba da tsoro a labarin.

Uwargidansa takan ce ko takalman yara a bakin ƙofa sai ya jera su daga babba zuwa ƙarami. "Ranar da zan mutu," in ji ta, "sai ka ce in gyara kwanciya, na karkace."

Auta da mijinta suna zaune ne a bayan katangar wata tsohuwar masana'anta da ta daɗe da mutuwa. Wurin ɗan tsiri ne tsakanin katangar da babbar kwata, amma mutanen da ke cikinsa sun fi ƙarfin ƙirga. Ɗaki na jingine da ɗaki, lungu ba ya ɗaukar mutum biyu a jere, in maƙwabci ya yi atishawa kai za ka ce masa sannu. A takardun hukuma kuwa wurin ba shi da iyakar kansa. An haɗa shi ne cikin gundumar manyan gidaje da ke ɗaya gefen katangar, inda kowane gida ke da rijiyar burtsatse da tankinsa a sama.

A daminar da ta wuce ruwa ya fasa kwatar, ƙazanta ta shiga rijiyoyi da tsofaffin bututu. Kafin a ce me, amai da gudawa ya ɓarke a garin. Wata ƙungiyar agaji ta ba da tanti mai gadaje da ledojin ƙarin ruwa, da tankar ruwa mai tsabta da za ta riƙa zuwa inda tantin yake. Tanti guda ne tak, gari kuwa kowace gunduma kuka take. Aka ce kwamiti zai zauna ya yanke inda za a kafa shi. Likita, wadda ke shugabantar ofishin, ta leƙo ɗakinsa da safe.

"Malam, taswira nake so kafin jibi. Wadda makaho ma zai gane."

"An gama, ranki ya daɗe."

Da rana tsaka sai ga Auta. Ba ta saba zuwa ofishin ba. Ta zauna a kan kwalin takardu, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa, laka har idon sawu.

"Yaya, har yanzu kana nan kana wasa da kala kamar ɗan firamare?"

"Da kalar aka yi miki rainon da kika samu bakin magana. Ya yara?"

"Yara lafiya. Babansu ne ke kwance tun shekaranjiya. Ya fara tashi dai." Ta ci gaba da murza ƙafar. "Layinmu ba gidan da ba a kwance. Mai wankin nan da ke gaishe ka, jiya aka fitar da ita. Ni ce mai dafa ruwa, ni ce mai zuba gishiri da sukari, ni ce mai kwashe. Hannuna har ya yi fari."

"Ki daina shiga gidajen mutane."

"In daina? In na kwanta wa zai shigo nawa?" Ta mayar da takalmin. "An ce akwai tanti. An ce kai ne mai nuna musu hanya."

"Ba ni ke yankewa ba, Auta. Zane kawai nake yi."

"To ka zana mu da kyau, ba irin kitson nan naka ba."

Ya yi dariya, ya raka ta har bakin titi. Ya ce mata kada ta damu, alƙaluma ba sa ƙarya, taswira za ta yi magana da kanta. Da gaske yake faɗa, don bai taɓa ganin ranar da ba ta yi ba.

Ya fara da ɗigo. Kowane gida da aka samu mara lafiya, ɗigo ɗaya. Da ya gama, taswirar ta fito kamar fuskar mai ƙyanda, ɗigo ko'ina, ido bai san inda zai sauka ba. Na bayan katanga kuwa, saboda ƙanƙantar wurin, sun hau kan juna sun zama tabo guda, bai fi kashin ƙuda ba. Wanda bai sani ba zai ce tawada ce ta ɗiga. Ya kalle ta ya girgiza kai. Wannan ba abin kai wa gaban manya ba ne.

Sai ya yi wata yadda ya saba, yadda ake koyarwa. Ya ɗauki kowace gunduma, ya gwada marasa lafiyarta da yawan mutanenta, ya shafa mata launi: mai sauƙi rawaya, mai tsanani ja. Wata gunduma a bakin gari, faffaɗa mai gonaki da gidaje jefi-jefi, ta fito ja wur, ta cinye kusan rabin allon. Gundumar manyan gidaje ta fito rawaya mai haske. Marasa lafiyar bayan katanga suna ciki, duk an ƙirga su, ba a bar ko ɗaya ba. Amma an zuba su cikin dubban masu lafiya na ɗaya gefen, kamar cokalin gishiri a cikin randa. Ya daɗe yana kallon rawayar nan. Ya san lungun da ke ƙarƙashinta, ya san ƙofar Auta mai labulen buhu.

Ya zana ɗan da'ira a kan wurin, ya ja kibiya, ya rubuta: a nan cutar ta fi taruwa. Ya ja kujera baya ya duba. Kibiyar ta raba hankalin ido biyu, ja na kira can, ita tana kira nan. Zane ɗaya, magana biyu. Ya goge. Ya sake sawa. Ya tuna ba wanda bai san inda ƙanwarsa take zaune ba a ofishin nan, tun daga Likita har mai gadi. Bai taɓa sa kibiya da hannunsa a kan wata unguwa ba, yau zai fara, kuma a kan ta ƙanwarsa.

Da yamma ya gaya wa uwargidansa, tana tsince shinkafa a faranti.

"To ka sa kibiyar mana."

"Za a ce don ƙanwata ce."

"Da ba ƙanwarka ba ce?"

"Ba ki gane ba. In na fara lanƙwasa zane don nawa, gobe wa zai yarda da abin da na zana?"

"Ni dai ban yi karatunku ba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Amma in gidanka na ci da wuta, ba ka tsayawa gyaran murya kafin ka yi ihu."

Ya samo mafitar da ta kwantar masa da hankali. Zai bar ta gundumomi tsaf, ba kibiya, ita ce ta farko. Sai ya yi wata daban, ya faɗaɗa bayan katanga ita kaɗai ta cika allo, ɗigo ya rabu da ɗigo, kowa ya ga yadda suka yi cincirindo. Kowace taswira da maganarta. Za a nuna ta gundumomi, sannan a nuna wannan. Ba wanda zai ce ya yi son kai, ba kuma wanda zai ce ya ɓoye. Likita ta duba ta farkon a tsaye, waya a kunne, ta ɗaga masa babban yatsa. Ya ce akwai ta biyu. Ta ce madalla, a sa duka.

Ɗakin taron yana da dogon tebur da fanka mai kuka. Shugaban kwamitin ya zo a makare, ya ce ana jiransa a wani wurin, a taƙaita. Mai Taswira yana can ƙarshen tebur kusa da majigi. Aka kashe fitila, taswirar gundumomi ta hau bango.

Shugaban ya kalle ta. Bai ma zauna daidai ba.

"Ai shi ke nan. Gani ya kori ji." Ya nuna jan da biro. "Ga inda wuta take. Wa ke da ja?"

Wani ya yi dariya ya ce ja ai ga shi nan a bango. Aka yi dariya. Wakilin ƙungiyar agaji ya ce filin ma ya fi sauƙin kafa tanti, tanka za ta shiga ba wahala. Shugaban ya ce a rubuta. Ya juya ya ce wa Likita rabon da ya ga zane mai tsabta haka ya manta, wasu sai su cika maka ido da tarkace.

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Taswira. Muryarsa ta fito ƙarama, sai da ya sake. "Ranka ya daɗe, akwai ta biyu."

Shugaban ya riga ya miƙe, hularsa a hannu. "Ta biyun ta ƙaryata ta farko ne?"

Da ya ce eh, da an zauna. Kalma ce guda. Amma ta farko ba ta yi ƙarya ba, ko ɗigo ɗaya bai murɗe a cikinta ba, shi kuwa bai saba faɗin abin da ba haka ba a kan zanensa.

"A'a, ranka ya daɗe. Ƙarin bayani ne a kan..."

"To a ba Likita, za mu duba." Ya dafa kafaɗarsa zai wuce. "Aikinka na kyau, malam."

Wani ya kunna fitila. Yatsan Mai Taswira na kan maɓallin, ya danna. Ta biyun ta hau bango, hasken ɗaki ya wanke ta, kujeru na ta ƙara, bayan mutane kawai yake gani suna fita. Mai shara ne ya tsaya da tsintsiyarsa ya ɗan kalla, ya tambaya ko ya kashe fanka.

Aka kafa tantin a bakin gari. Kuma kada a ɗauki alhakin kowa, akwai marasa lafiya a can na gaske, an ceci rayuka, yaran da suka shiga a sheme sun fito da ƙafafunsu. Ba wanda za ka kama ka ce shi ne mugu. Washegari Mai Taswira ya bi Likita har mota da takardar ta biyun a hannu. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, fuskarta ta canza.

"Me ya sa ba ka sa wannan a gaba ba?"

Ta miƙo masa takardar.

"An riga an kafa, malam. An ja ruwa, an kai ma'aikata. In na ce a tuge yanzu, waɗanda ke kan gadon fa? Zan yi magana, ko za a ƙaro wani."

Ta yi maganar. Ba a ƙaro ba.

Bakaniken ne ya kira shi wata rana da hantsi, yana ofis. "Yaya, ka zo. Ita ce."

Mota ba ta shiga lungun. Ya bar babur ɗinsa a bakin katanga ya taka, yana tsallake ruwan kwata, yana raɓar mata masu bokiti da suka yi layi a bakin wani bututu da ke tsiyaya. Ya tarar da ita a kan tabarma, idanunta sun faɗa, fatar hannunta in an ja ba ta komawa. Yaran suna rakuɓe a jikin bango. A baro suka ɗauko ta, shi da mijinta wanda shi ma ƙafafunsa ba su gama ƙwari ba, suna turawa suna hutawa har titi. Tantin yana can ɗaya ƙarshen gari, ba mai abin hawan da ya yarda ya ɗauki mai amai zuwa can. Wani mai a-kori-kura ya ji tausayi ya kai su babban asibiti, da yake shi ne kusa. Ba gado. Aka shimfiɗa mata kwali a baranda, aka ce ledojin ƙarin ruwa sun ƙare tun safe, ana jiran wasu.

Ya zauna a ƙasa, wandonsa na ofis a cikin datti, yana ɗiga mata ruwan gishiri da sukari da murfin roba. Tana haɗiya yana dawowa.

"Yaya."

"Na'am, Auta. Kada ki yi magana."

"Wace kala ka ba mu?"

Ya so ya yi kamar bai ji ba. Ta zuba masa ido.

"Rawaya," ya ce.

"To ba laifi." Leɓenta ya ɗan motsa, murmushi take so ta yi. "Tana karɓata."

Ledojin sun iso bayan la'asar. Ma'aikaciyar jinya ta yi ta neman jijiya a hannu, ta koma ƙafa, ta koma wuya. Daga baya ta miƙe, ta dafa bakaniken, ta wuce wurin na gaba.

Da ya koma aiki bayan zaman makoki, ya tarar an buga taswirarsa ta gundumomi babba an liƙa a bangon ɗakin taro. Ƙungiyar agajin ta sa ta a rahotonta, ta ce abar koyi ce. Likita ba ta iya haɗa ido da shi ba lokacin da take gaya masa. Ya shiga ɗakinsa ya zauna, ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya yanka gundumar manyan gidaje biyu, ya bi layin katangar, ya ƙiyasta mutanen tsirin daga yawan rufin ɗakuna, ya sake lissafi. Gefen manyan gidaje ya koma kusan fari. Tsirin ya yi jan da ya wuce duk wanda ke cikin ma'auninsa, sai da ya ƙirƙiro masa sabon launi. Aikin bai ɗauke shi ko rabin yini ba. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, da ya ga ashe bai da wuya.

Ya kai wa Likita. Ta ce ta yarda, wallahi ta yarda, amma iyakar gunduma ba ofishin lafiya ke yanka ta ba. Wurin a hukumance ma babu shi, in aka ba shi iyaka an amince da zamansa ke nan, kuma akwai masu so a tashi mutanen gaba ɗaya. Ta ce ya yi hankali, kada taswirar da ya yi don a kawo musu ruwa ta zama wadda za a kawo musu katafila da ita. Ya tsaya da takardar a hannu. Wannan bai zo masa a rai ba. Ya naɗe ta ya koma.

Cutar ta lafa da kanta da ruwa ya ɗauke, aka tuge tantin aka mayar wa masu shi. Kwatar tana nan a fashe. Rahoton kowane wata yana fita da iyakokin da aka saba, shi ke zana shi, don in bai zana ba wani zai zana, kuma yana da yara a makaranta. Ya so ya ɗauko 'ya'yan Auta su dawo gidansa, uwargidansa har ta gyara musu ɗaki. Bakaniken ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. In ka ɗauke su, me zan tarar in na dawo?" Bai sake tayar da maganar ba.

Yanzu duk ranar da ba aiki, yakan cika jarka biyu a famfon gidansa, ya ɗaure a bayan babur, ya kai bakin katanga. Daga nan sai ɗauka da hannu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, yana tafe yana ajiyewa, ga shi ba ƙarfi ba. Matan da ke layi a bakin bututun sukan matsa masa hanya. Duk sun san shi, sun san jarkokin na gida ɗaya ne. Ba ya ɗaga kai.

A makon jiya hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ya ajiye jarkokin yana mayar da numfashi, sai wata tsohuwa mai bokitin fenti ta matso, ta gaishe shi, ta yi masa gaisuwar rashi karo na ba adadi.

"Ɗana, an ce kai ne kake zana wa manya inda za su je."

"Ni ne, Baba."

"To ga ruwa zai dawo. Bana za su zo nan?"

Ya dubi bokitin nata, ruwan ciki kalar shayi.

"Ban sani ba, Baba," ya ce. "Ki dai riƙa tafasawa."

"Da wane itacen?" in ji ta. Ba faɗa take yi ba, tambaya ce kawai. Ta ɗauki bokitinta ta shige lungu, shi kuma ya sunkuya ya kama hannun jarkokin.